Ɗaukar Fim a Zariya: Tambayoyin da Masu Shirya Fim Suka Fi Yi, da Amsoshinsu

Na tara waɗannan tambayoyi ne daga bakin furodusoshi, daraktoci da masu shirye-shiryen talabijin da ke tunanin kawo aikinsu Zariya, na haɗa da wasu da Zazzagawa da kansu suke yi. Ra'ayina a fili yake: ina son a riƙa zuwa garin nan ana ɗaukar fim, kuma ina son in an zo a shigo ta ƙofa da sallama, a tafi an bar wa mutanen gari abin kirki. Duk amsoshin da ke ƙasa a kan wannan suka ginu.

Me Zariya take da shi da zai sa mu bar Kano ko Jos ko Abuja mu taho?

Abin da take da shi shi ne garuruwa da yawa a cikin gari ɗaya. Akwai birni, cikin ganuwa, da lungunansa da zaurukansa da fadar Sarki. Ka fito ta Ƙofar Doka ka shiga Tudun Wada, yanayin ya sauya. Ka ƙara gaba ka tsallaka Kubanni ka faɗa Sabon Gari, wurin tashar jirgin ƙasa da tsofaffin kantuna da manya-manyan coci da kowane irin yare na Najeriya. Ka miƙe hanyar Sakkwato ta Kwangila da Palladan ka isa Samaru, garin ɗalibai da malaman jami'a. Ka juya ta wajen Wusasa ka ga Dutsen Kufena a tsaye. Daga birni zuwa Samaru bai fi kilomita 15 ba.

Ga mai shirya fim, ma'anar wannan ita ce kuɗin mota da ɓata lokaci sun ragu. Labarin da ya fara a zauren malami, ya bi ta ajin jami'a, ya ƙare a gona, ana iya ɗaukarsa ba tare da an sauya wa ma'aikata masauki ba. Wanda ya taɓa kwasar mutum talatin da kyamarori da fitilu daga wata jiha zuwa wata ya san darajar wannan.

Fim ɗin tarihi muke son yi. Har yanzu akwai tsofaffin gine-ginen ƙasa da suka rage?

Akwai, amma suna ƙarewa, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk zancen.

Zariya gari ne na magina. Nan ne gidan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a shekarun 1830, kuma har yau akwai unguwa mai suna Babban Gwani. Masana gine-gine na duniya sun daɗe suna rubutu a kan bakan gizon da ke cikin masallacin nan, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke tallafe rufi, da yadda aka ɗaura azara ta riƙe rufin ƙasa mai faɗi haka. A watan Agustan 2023 wani ɓangare na rufinsa ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu, daga nan aka shiga batun sake gina shi. Saboda haka kada ku sa masallacin a lissafinku na wurin ɗauka.

A cikin unguwannin birni har yanzu za ku samu zauruka masu ɗaurin guga, soraye masu zanko, da bango mai zanen dagi da magini ya fitar da hannunsa tun ƙasar tana ɗanya. Ku shiga irin wannan zaure da hantsi ku tsaya. Haske yana shigowa ta ƙofa ɗaya da 'yar taga can sama, ya sauka a kan daɓe, ya bar kusurwoyi cikin inuwa mai laushi, bangon kuma yana shanye amo har maganar mutum ta fito tas. Masu fitilu suna kwana suna neman haɗa irin wannan haske a ɗakin siminti ba su samu ba.

A Wusasa akwai cocin St. Bartholomew da aka gina a 1929 da ƙasa, bisa tsarin ginin Hausa, a zamanin mishan na Dakta Walter Miller. A Jami'ar Ahmadu Bello akwai dandalin wasan kwaikwayo da ake kira Drama Village, wanda Ba'amurke mai zanen gine-gine Steven Ehrlich ya tsara a tsakiyar shekarun 1970, magina Hausawa suka gina shi da ƙasa: ɗakuna masu siffar bukka, katanga ta haɗa su, fili a tsakiya. Sai ragowar ganuwa da ƙofofi irin su Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Kona, Ƙofar Jatau da Ƙofar Kibo. Wasu ƙofofin an sake su da siminti, wasu sassan ganuwar kuma an cinye su da gini ko an kwashe ƙasarsu.

Gaskiyar da ya kamata ku sani kafin ku zo: da wuya ku sami lungu guda da babu kwanon rufi, wayar lantarki, tankin ruwa na roba ko fastar ɗan siyasa. Dole mai tsara fage ya yi aiki, a rufe wannan da zana, a kauce wa wancan da kusurwar kyamara, sauran a goge a kwamfuta. Idan ƙauye na da can kuke so baki ɗaya, ya fi sauƙi ku ɗauki magina na gari su tayar muku da tubali a fili a bayan gari. Hakan ma alheri ne, domin sana'ar tana mutuwa ne saboda rashin mai ba da aiki.

Idan labarinmu na zamani ne fa?

Nan ma ba ku rasa ba. Zariya garin makarantu ce. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana da babbar harabar Samaru da ta Kongo, da dogon ginin Majalisar Jami'a, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da madatsar ruwa ta Kubanni. Asibitin koyarwa yana Shika. Kwalejin Barewa, wadda ta tare a Zariya a 1949, tana da gine-ginen da suka dace da labarin shekarun neman 'yancin kai. A hanyar Gaskiya akwai tsohon ginin kamfanin Gaskiya, gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, Abubakar Imam yana editanta. Sabon Gari kuwa tana da tashar jirgin ƙasa da gidajen ma'aikatan reluwe. Daga nan layin Gusau da Ƙauran Namoda ya rabu da na Kano, kuma daga nan ƙaramin jirgin Jos yake tashi kafin a rufe layin a 1957. Duk wanda ke da labarin zamanin auduga da gyaɗa, ya zo ya ga wurin da idonsa.

Kowace daga cikin waɗannan ma'aikatu tana da hukumarta. A rubuta takarda tun da wuri, a faɗi ranaku da sassan da ake so. Makarantu ba sa son kyamara lokacin jarrabawa.

Muna bukatar daji, dutse da ruwa.

Kufena ne na farko: falalen dutse mai faɗi, manyan duwatsu a jingine da juna, ga alamun tsohuwar ganuwa a kewayensa tun kafin birnin yanzu ya kafu. Daga samansa ana hango gari da gonaki. Ga Kogin Galma da fadamunsa, inda ake noman rani na tumatir da albasa da attarugu. Ta wajen Kudan da Maƙarfi akwai gonakin rake da masu dafa mazarƙwaila, hayaƙi yana tashi da sassafe. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce mai kuka da ɗorawa da rimi, irin wadda doki yake kyau a cikinta. Abin da ba mu da shi shi ne tsaunuka masu sanyi irin na Filato ko rairayin hamada. In su labarinku yake nema, ba nan ba ne.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Ya danganta da launin da kuke so fim ɗin ya ɗauka. Damina tana kankama daga Mayu zuwa ƙarshen Satumba, ƙasa ta yi kore shar, gajimare ya yi kyau, amma Agusta wata ne na ruwa ba ƙaƙƙautawa, kuma hanyoyin ƙauye suna caɓewa. Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba shi ne zaɓina: ruwa ya ɗauke, dawa ta yi kai, sama ta washe, ƙura ba ta sauko ba tukuna. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne. Hazo yana tausasa hasken rana, fuska ta fito da kyau ko da tsakar rana, sai dai nesa tana ɓacewa, kuma ƙura tana shiga kyamara, don haka a zo da kayan goge gilashi da yawa. Maris da Afrilu bazara ce. A ɗauka da safe da yamma, a bar tsakiyar rana mutane su huta.

A duba kalandar Musulunci ma. A watan azumi aikin rana yana wahalar da kowa, dare kuma na tafsiri da tarawihi ne, lasifika ta ko'ina.

Yaya batun sauti? An ce gari ne mai hayaniya.

Mai ɗaukar sauti ya san abokan hamayyarsa tun daga rana ta farko: babura da Keke Napep, injin markaɗe, janaretan maƙwabta, da karatun almajirai da asuba da bayan magariba. A wajejen Palladan, Hanwa da Samaru akwai ƙari, wato ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, wadda take nan tun 1964. In ɗalibai suna atisaye, jirgi zai yi ta kewaya sama. Lokutan sallah kuwa ba abin gardama ba ne. In an kira, a kashe kyamara, a je a yi sallah, a dawo. A sa su cikin jadawalin aiki tun farko, a kuma bar ranar Juma'a daga hantsi zuwa la'asar, musamman kusa da fada.

Wurin wa ake neman izini?

Izini hawa biyu ne, na takarda da na mutane, kuma na biyun ya fi tsayar da aiki in an tsallake shi.

Na takarda: Zariya ƙananan hukumomi biyu ce, Zariya da Sabon Gari, kuma wasu wuraren bayan gari suna ƙarƙashin Giwa, Soba, Kudan ko Igabi. A sanar da ƙaramar hukumar da wurin yake. A sanar da ofishin 'yan sanda na yankin a rubuce, balle in akwai kakin jami'an tsaro, bindigar wasa, tare hanya ko taron jama'a a cikin fitowar. Wurin da aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa yana hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Baƙi daga ƙasashen waje suna bukatar bizar da ta dace da aikinsu da kuma amincewar Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta Tarayya, kuma a fara neman waɗannan watanni kafin tafiya.

Na mutane: mai unguwa, sannan dagaci ko hakimi, gwargwadon girman aikin. Ba a aika masa saƙon waya. A je da ƙafa, a tafi da ɗan unguwar da ya san ku, a cire takalmi a ƙofar zaure, a gaisa a tsanake. Sannan a ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ne da wata bukata. Muna shirya fim a kan kaza, muna son yin kwana biyu a lungun nan, ga abin da za a nuna, ga abin da ba za a nuna ba." A ba shi labarin a taƙaice da Hausa, kada a ɓoye komai. Shi zai kira limami da dattawa, shi zai haɗa ku da samarin da za su riƙe muku yara kada su faɗa cikin hoto. Wanda ya sauke kaya a lungu ba tare da wannan ba, ko takardar Abuja ce a aljihunsa, zai iya naɗe kayansa kafin azahar.

Za a bari mu ɗauki fada da hawan Sallah?

Fada gidan Sarki ne kuma ofishin masarauta, ba dandali ba ne. Ana rubuta wa Majalisar Masarautar Zazzau, a bayyana manufa, a jira amsa. Mai Martaba Ambasada Ahmed Nuhu Bamalli yana kan karaga tun Oktoban 2020, bayan rasuwar Sarki Shehu Idris wanda ya yi mulki daga 1975. Masu shirin tarihi da al'ada sun fi samun sauƙin shiga fiye da masu wasan kwaikwayo, kuma hakan daidai ne. In labarinku na sarkin ƙirƙira ne da makircin fada, ku gina fadarku a wani wuri, kada a ɗauki ƙofar fadar Zazzau a liƙa wa labarin da zai sa mai kallo ya zaci da wani gidan sarauta ake. Gidajen sarautar Zazzau huɗu ne, Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, kuma zuriyarsu suna nan suna kallo.

Hawan Sallah, Hawan Bariki da Hawan Daushe abin kallo ne da babu kasafin fim da zai iya haɗa irinsa. Amma ba a tsayar da hawa don kyamara, ba a ce wa mahayi ya sake. A nemi wurin tsayawa ta hannun masu tsara hawan, a raba kyamarori, a ɗauki abin da Allah ya ba da.

Cikin gidajen mutane fa?

Nan ne ake yawan samun saɓani. Gidan Bahaushe yana da iyaka: zaure na baƙi ne, cikin gida na iyali. Amincewar maigida ita ce farko, amma uwargida ce za ta kwashe kwanaki ana taka mata tsakar gida, an ɗaga mata murhu, an hana yaranta kuka. A sa mace daga cikin ma'aikata ta shiga ta gaishe ta, ta ce, "Hajiya, ga abin da za mu yi, ga ranar da za mu gama, wane ɗaki ne ba kya son a shiga?" A rage yawan mazan da za su wuce zaure. Kada a ɗauki fuskar matar gida ko yaro ba da yardar iyaye ba.

A rubuta yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce: kuɗi nawa, kwana nawa, ƙarfe nawa ake tashi, wa zai gyara abin da ya lalace. A biya rabi kafin a fara. Kuma don Allah kada a buga ƙusa a bangon ƙasa mai zane, kada a jingina masa ƙarfen fitila. Abin da ya ɓantare daga irin wannan bango, wanda zai mayar da shi yadda yake sai an tona.

Ba za a kore mu ba? Mun ji Zariya garin malamai ce.

Garin malamai ce, kuma muna alfahari da haka. Tun kafin jami'a, almajirai suke zuwa unguwanni irin su Kona da Juma neman ilimi. Mutanen nan ba kyamara suke ƙi ba. Abin da suke ƙi shi ne a yi rawa da shigar banza a ƙofar makarantar allo, ko a mayar da malami abin dariya, ko samari da 'yan mata su cika lungu da shewa har tsakar dare. In fim ɗinku yana da waƙa da rawa, a kai wannan ɓangaren wurin da aka killace, a bar unguwa.

Akwai darasi a abin da ya faru a 2016, lokacin da gwamnatin tarayya ta sanar da gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a Kano, malamai da jama'a suka yi ca, aka janye shirin. Ko me mutum yake gani game da wannan, abu ɗaya ya fito fili: an yanke shawara daga sama ba a zauna da mutanen ƙasa ba. Shi ya sa ba na goyon bayan a fara da katafaren gini a Zariya. A fara da aiki ɗaya mai tsabta, sannan na biyu, har mai unguwa da kansa ya riƙa tambaya yaushe za ku dawo.

Za mu sami ma'aikata a nan, ko sai mun taho da kowa?

'Yan wasa da mataimaka ba matsala ba ne. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen wasan kwaikwayo, da sashen aikin jarida, da sashen harsunan Afirka inda ake nazarin Hausa, da sashen zane-zane da sassaƙa wanda sunansa ya kai ko'ina tun ƙungiyar masu zane ta Zariya ta 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Mai tsara fage da ke neman wanda zai sassaƙa masa garkuwa ko ya tsufar da sabuwar ƙofa, a Samaru zai same shi. Garin da ya haifi marigayi Kasimu Yero bai rasa masu iya tsayawa gaban kyamara ba. Masu cika fage kuwa, daga ɗalibai har 'yan kasuwa, sai kun zaɓa.

Inda muke da rauni shi ne manyan kayan aiki. Kyamarar sinima, manyan fitilu, layin tura kyamara da ƙwararrun da ke sarrafa su, a yi hayarsu daga Kano, Kaduna ko Abuja. Roƙona shi ne duk ƙwararren da kuka kawo a haɗa shi da yaro ɗaya ko yarinya ɗaya 'yan gari su riƙe masa kaya suna koyo, kuma a biya su. Ta haka ne nan da 'yan shekaru ba sai kun ɗauko kowa daga nesa ba.

Kayan sawa da dawaki?

Kun zo gidansu. Ɗinkin hannu na babbar riga, aska biyu da aska takwas, sana'ar birnin Zariya ce, maza da mata suna yi. Akwai dukawa masu sirdi da linzami da kube, akwai maƙera. Dawaki da kayan hawa suna gidajen sarauta da na masu sha'awa, ga kuma 'yan wasan folo. A yi hayar doki tare da mai kula da shi, kada a ɗora jarumin da bai taɓa hawa ba a kan ingarman hawan Sallah. Riga mai ɗinkin hannu tana cin makonni, wata ma watanni, don haka a ba da aiki da wuri.

Za mu iya tayar da jirgi maras matuƙi?

Ba kai tsaye ba. Ana bukatar izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Zariya kuma tana da filin jirgi da makarantar horar da kuratan soja da barikoki a Sabon Gari da Basawa. Kusa da waɗannan kada ma a gwada. A cikin birni akwai wani dalilin: jirgin yana leƙa tsakar gidajen mutane. A gaya wa mai unguwa rana da lokaci domin a sanar da gidaje.

Tsaro fa? Ku gaya mana gaskiya.

Cikin gari mutane suna harkokinsu dare da rana, kasuwanni cike, makarantu a buɗe. Amma a shekarun nan an sha fama da masu garkuwa da mutane a wasu unguwannin gefen gari da ƙauyuka, musamman ta yamma, wajen Giwa da hanyar Birnin Gwari. Lamarin yana sauyawa daga wata zuwa wata, don haka labarin bara ba ya isa. A tambayi 'yan sanda da hakimin yankin a makon da za a fita. A yi aikin bayan gari da rana, a dawo kafin magariba. Kada a sanya wurin da ake ɗauka a Facebook ko TikTok sai an bar wurin, musamman in akwai fitaccen jarumi a tawagar.

Hanya, masauki da abinci?

Kaduna tana da nisan kamar kilomita 80, Kano kamar 150, duk a kan babbar hanyar Abuja zuwa Kano, kuma biranen biyu suna da filin jirgin sama. Mai tahowa daga Abuja yana iya hawa jirgin ƙasa zuwa Rigasa ya ƙarasa da mota. Otal-otal suna GRA da Kongo da Samaru da Sabon Gari. Tawagar da za ta daɗe ta kama gida sukutum, ya fi araha. Abinci a ba matan unguwar da ake aiki kwangilarsa, tuwo da miyar kuka ko shinkafa da wake, waina da safe, kuɗin ya zauna a lungun. Wutar lantarki kuwa kada a dogara da ita. A zo da janareta da doguwar waya, a ajiye shi nesa da makirufo.

Akwai rangwame ko tallafin gwamnati ga wanda ya kawo fim?

Kada ku gina kasafinku a kan wannan. Ragin da Zariya take bayarwa yana cikin kusancin wurare da sauƙin masauki da abinci da ƙwadago.

Amma tunda an taɓo zancen, ga abin da nake fata. A Maroko akwai garin Warzazat, kusa da shi akwai tsohon ƙauyen ƙasa na Ait Ben Haddu, inda aka ɗauki sassan manyan finafinan duniya irin su Gladiator. Ginin ƙasa ne irin namu, amma ya zama abin da ke ciyar da dubban mutane, kuma gwamnatinsu tana mayar wa kamfanonin waje wani kaso na kuɗin da suka kashe a ƙasar. Ban ce mu kai can gobe ba. Abin da jihar Kaduna da ƙananan hukumominmu za su iya yi ba tare da kashe biliyoyi ba shi ne tebur ɗaya da mai fim zai je ya gama batun izini, da kundin hotunan wurare a intanet, da rajistar magina, maɗinka, masu dawaki da direbobi. Sai kuma ɗan asusu na gyaran zaurukan tarihi, wanda kowane fim zai saka wani abu a ciki. Labarin Sarauniya Amina ya kai Netflix a 2021. Labarin namu ne, kuma irinsa suna da yawa, daga Turunku da Kufena, tsofaffin mazaunan Zazzagawa, zuwa zuwan Malam Musa, Sarkin Zazzau na farko na Fulani, a farkon ƙarni na 19. Ya kamata in an zo ba da su, ƙasar da abin ya faru ta ci moriya.

Shirin talabijin muke yi, ba fim ba.

Ku ne ma kuka fi dacewa da garin. Fim mai dogon zango, irin wanda ya bunƙasa tun buɗe Arewa24 a 2014 da kuma tashoshin YouTube, yana bukatar gida ɗaya da lungu ɗaya na tsawon watanni, kuma haya a nan ba ta kai ta manyan birane ba. Masu shirin noma suna da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ta dabbobi a Shika, da masana a ofis ɗaya bayan ɗaya. Masu shirin addini, tarihi da lafiya ba za su rasa wanda za su zauna da shi ba.

Dole ne 'yan wasa su yi Zazzaganci?

In labarin ya ce a Zariya ake, a sa wasu su yi, kuma a ɗauki ɗan gari ya riƙa gyara musu. Abin da ba ma so shi ne a riƙa saka karin harshenmu a bakin wawan fim kaɗai don a yi dariya.

Wa ke tace fim ɗin in an gama?

Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993. In za a nuna shi ko a sayar a Kano, sai an bi ta hukumar tace finafinai ta jihar, wadda take aiki tun 2001. Abin da za a watsa a talabijin kuma yana ƙarƙashin ƙa'idojin NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin na ƙasa.

Ni Bazazzagi ne, ina da tsohon gida. Ta yaya zan amfana?

Da farko, kada ka rushe zauren. In rufin yana yoyo, a gyara shi kafin damina, a yi masa yaɓe. Ka ɗauki hotunansa da safe da yamma, ciki da waje, ka auna faɗinsa da tsawonsa, ka lura ko mota tana isa ƙofar. Ka yi shawara da 'yan uwanka in gidan gado ne, domin kada rana ta biyu wani ya zo ya ce bai yarda ba. Ka nemi a karanta maka labarin kafin ka amince, kuma kana da damar cewa a'a. Ka sa sharaɗi a rubuta sunan unguwa da na Zariya a ƙarshen fim, saboda mai shirya fim na gaba daga nan yake gane inda aka ɗauka.

Mun gamsu. Ta ina za mu fara?

Ku turo darakta da mai ɗaukar hoto da manajan shiri su zo duba wurare tun wata biyu kafin ɗauka, a lokacin shekara irin wanda za a yi aikin in zai yiwu. Su zo da labarin a taƙaice da Hausa, shafi ɗaya, da jerin wuraren da kowace fitowa take bukata. Rana ta farko a zagaya birni da Wusasa da Kufena, ta biyu Sabon Gari da Samaru da Shika, ta uku a ware ta don gaishe da masu unguwanni da kai takardu ƙaramar hukuma da ofishin 'yan sanda.